Risala a Kan Ɗan Aiken da Ba a Ce Masa Ya Isa Ba

Ka sani ya kai mai neman ilimi, cikin ɗan Adam hukuma ce, kuma ba ta motsi sai da ɗan aike. Likitoci na kiran 'yan aiken nan homon. Bayliss da Starling suka kama na farko a Landan a 1902. A 1905 John Edkins ya ce akwai wani, shi ne gastirin. Malamai suka yi ta saɓani har ya rasu a 1940, sai a 1964 Gregory da Tracy suka tace shi daga tumbin aladu, aka yarda marigayi ya yi gaskiya.

Da tuwo ya sauka, ƙwayoyin G na ƙasan tumbi su saki gastirin, ya bi jini, ya yi sallama a ƙofar da ake kira CCK2. Masu gidan su fitar da histamin, shi kuma ya sa a zubo asid. Sai dai a aljihun gastirin akwai saƙo na biyu: ku hayayyafa. A cikin ƙwayar, Ras ya miƙa wa Raf, Raf ya miƙa wa MEK, MEK ya miƙa wa ERK, ERK ya kai fada, wato cibiyar ƙwaya. Duk cikinsu ba mai tambayar dalili, abin da ke nuna ƙwararrun ma'aikata ne.

Mai cewa ya isa shi ne somatostatin, kuma ba ya buɗe baki sai asid ya wadata. To idan garkuwar jiki ta cinye ƙwayoyin da ke yin asid, shiru kake ji. Gastirin ya yi ta zarya shekara da shekaru, masu gida suna bin umarni, har ƙananan ƙari su tsiro a bangon tumbi, akasarinsu masu sauƙin kai. Ƙwayar cutar Helicobacter pylori ma tana rage somatostatin, kuma tun 1994 aka saka ta a rukunin farko na masu haddasa kansa. A ganina, duk alƙalin da ya ɗaure gastirin ya zalunci bawan Allah mai ƙwazo.

Wasu kansar babban hanji sun rage kashe kuɗi: su ƙera ɗanyen gastirin da kansu, su aika wa kansu, su karɓa da godiya.

Masana sun ƙera kwafin somatostatin, oktiriyotaid, kuma gwajin PROMID na 2009 ya nuna yana jinkirta girman wasu ƙarin ƙaramin hanji masu fitar da homon. A kansar fankiriyas kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na nau'in da ya fi yawa suna da KRAS, wani daga dangin Ras, da ya maƙale a kunne. Wannan ma'aikaci yana sa hannu a takardar hayayyafa safe da yamma, ko an aiko ko ba a aiko ba, kuma ba ya zuwa hutun shekara.