Jinsunan Matafiya a Tashar Rigasa

Tun daga watan Yuli na 2016, sa'ad da jirgin ƙasa ya fara kai da komo tsakanin Rigasa ta Kaduna da Idu ta Abuja, duk mai niyyar tafiya ya san ƙa'idarsa: ya yi asubanci, ya bi layi, in aka ce tikiti ya ƙare a taga, ya waiwaya ya tarar da shi a hannun 'yan cuwa-cuwa da tsada. Da hukuma ta shigo da sayen tikiti ta waya a watan Janairu na 2021, daga baya kuma, bayan musibar harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, ta gindaya sharaɗin lambar NIN, sai layin ya ragu, amma ɗabi'un da ke cikinsa suka tattara nasu ya nasu suka yi hijira zuwa cikin wayar.

Akwai Alhajin takarda, wanda ya yi imani da abin da hannu ke taɓawa imanin da ba ya karɓar tawili. Jikansa ya saya masa tikitin tun jiya, ya nuna masa, ya rantse, amma zuciyar Alhaji ba ta samu natsuwa ba sai da aka je shagon kwamfuta aka buga shi, aka sa masa leda, ya adana a aljihun jamfa tare da tasbaha.

Kusa da shi ga ɗan zamani, wanda ba a tambaye shi ba amma ya buɗe majalisin wa'azi a kan yadda ake shiga jirgi a Dubai da Landan, yana kallon takardar Alhaji da tausayin da ake yi wa jahili, har zuwa lokacin da aka iso bakin ƙofa, ya zaro wayarsa da alfahari, ya same ta ta riga mu gidan gaskiya. Daga nan murya ta yi sanyi: "Baba, don Allah ko kuna da caja?" Alhaji bai ce uffan ba, ledarsa kawai ya ɗaga ya wuce.

Malam kuwa, Allah ya gafarta masa, mas'alarsa ta fiƙihu ce. Da farko ya yi tawakkufi a kan ko ya halatta mutum ya biya kuɗin kujerar da bai gani ba, ga mai sayarwar da bai sani ba, ko kuwa cinikin garari ne. Da ya yi wa kansa fatawa da larura, sai ya ƙura wa zanen nan mai kusurwa huɗu da ke jikin tikitin ido, wanda na'ura ke karantawa, ya ce lalle wannan hatimi ne, yana dai son ya san malamin da ya rubuta shi. A ganina tambayarsa ba ta rasa hujja ba, don mu ma da ke masa dariya ba mu iya karanta shi ba.

Mai alat shi ne abin tausayi. An cire masa kuɗi, tikiti bai fito ba, yana bin ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da saƙon banki kamar mai gabatar da shaida gaban alƙali, kowa na ba shi amsa guda: netwok ne. Wannan netwok ya gaji aljanu a wajen ɗaukar laifi.

Ɗan cuwa-cuwa bai tuba ba. Ya sayi waya biyu, ya koma inuwa, sunansa yanzu ejan.

Sai babban mutum, mai babbar riga da ta sha aiki, wanda ya saba ƙofofi su buɗe kafin ya iso, ya tsaya gaban yaron da ke riƙe da na'ura ya ce, "Kai, ka san ko ni wane ne?" Yaron ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na sani, ita ce ba ta sani ba." Tikitin kuwa yana cikin wayar direbansa, wanda ya sauke shi ya riga ya kama hanyar Kawo.