Ciwon Idon da Ke Tashi Ranar da Aka Sayi Mota

Akwai wata cuta a ƙasar nan da likitoci ba su gama gano kanta ba. Ba sauro ke kawo ta ba, ba kuma ruwan rijiya ba. Mutum zai shekara arba'in yana gararamba a tsakar ranar Kano, ya tsaya jiran A Daidaita Sahu a bakin Kantin Kwari da ƙarfe biyu na rana, idonsa garau, ko hawaye ba ya yi. Ranar da aka miƙa masa makullin mota, ranar ciwon ke tashi. Kafin ya kai ta gida a sa mata albarka, ya riga ya biya wajen masu manna baƙar leda, wai idonsa ya daina jure haske.

Kada a ga laifinsa, doka ce ta nuna masa hanya. A 1991, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa doka ta 6 wadda ta hana sa wa mota gilashin da ba a ganin na ciki. Sai dai ta bar ƙofofi biyu a buɗe: Sufeto Janar na 'yan sanda zai iya ba mutum izini saboda larurar lafiya, ko saboda tsaro. Tun daga nan masu motoci suka kasu gida biyu, marasa lafiya da waɗanda ake farauta. Malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi goma ga wata, yana da abokan gaba. Mai shagon cajin waya ma ana bibiyar rayuwarsa.

Hukuncin da dokar ta yanka shi ne tarar naira 2,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko a haɗa wa mutum duka biyun. A shekarar da aka rubuta ta, litar fetur ba ta kai naira ɗaya ba, wato tarar za ta sayi fiye da lita 2,000. Yau ba ta sayen lita 3. Doka ta tsufa a inda take, haƙoranta sun zube, sai dai ta yi ta mamula.

Shi ma izinin nasa labarin daban ne. A 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da bayar da shi. A 2025 magajinsa Kayode Egbetokun ya dawo da shi, aka ce kowa ya nema ta intanet, ya biya. Aka sa wa'adi, aka ɗage, aka tsayar da 2 ga Oktoba a matsayin ranar fara kame. Ƙungiyar lauyoyi ta Najeriya ta garzaya kotu tana tambayar hurumin karɓar kuɗin, aka sake jingine maganar. Mai mota ya rasa gane ko yau shi mai laifi ne ko sai wani makon. Hujjar 'yan sanda dai ba ta wasa ba ce: masu garkuwa da mutane da 'yan fashin da ke shigar direbobin haya a Abuja, duk bayan baƙin gilashi suke ɓuya. Wanda aka taɓa ɗauke wa ɗan'uwa ba zai yi dariya a nan ba.

Amma a faɗi gaskiya, ba kowane mai baƙar leda ne ɓarawon mutane ba, ba kuma rana yake gudu ba. Abin da yake gudu yana tsaye a bakin titi da hula da carbi, sunansa Kawu. Akwai maƙwabcin da ke neman a rage masa hanya, hanyar da ba ta ƙarewa sai an biya asibiti da kasuwa da gidan surukansa. Akwai mai shagon unguwa da ke riƙe da littafin bashi. Akwai 'yan maula da suka haddace lambar kowace mota a ƙofar masallacin Juma'a. Ga kuma babban dalili wanda ba a rubutawa a takarda: Alhaji ya fara zuwa zance wata unguwa, kuma ƙawayen Hajiya sun fi kyamarar tsaro gani. An ce zumunta a ƙafa take. To Alhaji ya daina tafiya da ƙafa, magana ta ƙare.

Abin mamakin shi ne, mutumin nan ba ɓuya yake so ya yi gaba ɗaya ba. So yake a ga motar, a san tasa ce, a ce Allah Ya buɗa masa, amma kada a haɗa ido da shi. Shi ya sa zai rufe gilashi ruf, sannan ya manna sunan 'yarsa da manyan baƙaƙe a baya, ya sa odar da unguwa duka ta san kukanta. In ya iso majalisar abokansa na da, sai ya rage gudu, ya sauke gilashi daidai faɗin yatsu biyu, ya leƙo da tafin hannu, ya mayar. Gaisuwa ta isa, aljihu bai ji ciwo ba.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai tsohuwar 'yar Kwatano da na'urar sanyinta ta mutu tun a bara. Wani yaro a bakin titi ya fesa wa gilashin ruwan sabulu, ya shimfiɗa leda, ya bi ta da katin roba, ya datse gefe da reza. Bayan damina ɗaya ledar ta yi ƙuraje, ta koma ruwan makuba, tana ɓantarewa daga kusurwa. Duk da haka a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, za ka ga bawan Allah ya ɗage gilashi har sama, gumi na bin bayan wuyansa, babbar riga ta manne masa, yana fifita da takardun mota, don kawai na waje su zaci yana shan sanyi. Da dare kuwa, in ya zo mahaɗar hanya dole ya sauke gilashin ya zuro kai, domin shi ma ba ya ganin waje. Ya ɓoye wa duniya, duniya ta ɓoye masa.

A Ingila abin a lissafe yake: gilashin gaba ya bar kashi 75 cikin ɗari na haske ya wuce, na gefen direba da na mai zaman gaba kashi 70, kuma akwai na'urar da ake ɗorawa ta auna. Mu namu ma'aunin tocila ce da yanayin da jami'i ya tashi da shi.

"Alhaji, ina takardar gilashi?"

"Ofisa, ai haka ta zo daga kamfani."

"To wannan da ke ɓarewa a gefe fa, ita ma daga kamfani?"

"Ranka ya daɗe, ciwon ido gare ni."

"Allah Ya sawwaƙe. A gilashin baya idon yake?"

Ana cikin wannan sai jiniya ta taso. Jerin manyan motoci baƙaƙe wuluk, gaba da baya, wasu ko lamba babu, wasu an lulluɓe lambar da jaka. Ofisa ya bar Alhaji da takardunsa a hannu, ya janye itacen shinge da gudu, ya ƙame, ya sara wa gilashi. Ko mai gidan ne a ciki, ko direba ne aka aika sayen tsire, Allah ne masani. Daga nan Alhaji ya ɗauki darasin da ya fi na doka shiga kai: a ƙasar nan, gwargwadon duhun gilashinka, gwargwadon girmanka. Gobe zai koma wurin yaron nan ya ce a ƙara ninki ɗaya.

Shawarata ga hukuma ita ce a daina sa bayin Allah yin ƙarya. A ƙara gurbi na uku a takardar neman izini, bayan lafiya da tsaro, a rubuta: gudun jama'a. Mai nema ya lissafa mutum nawa ke bin sa bashi, dangi nawa ke jiran kayan Sallah, da ko uwargida na da labarin abin da ake shiryawa. A yanka kuɗin gwargwadon yawansu. Da wannan kaɗai gwamnati za ta cike ramukan titi daga Zariya har Funtuwa.

Sai dai a sanar da masu nema cewa izinin ba ya aiki a kan Kawu. Shi bai taɓa dogara da gilashi ba. Ya san lambar, ya san kukan injin, ya san lotsawar da ke ƙofar baya. In an wuce shi a titi ba ya ɗaga hannu, ba ya fushi. Washegari bayan sallar asuba yana zaune a kan dakalin ƙofar gida, ya jingina sandarsa da taya. Yaro ya fito ya durƙusa ya ce, "Kawu, Baba ya ce a ce ba ya nan."

"Madalla, jikana. Koma ka ce masa ba shi na zo gani ba, motarsa nake taya gadi har ya dawo."