Maɗacin da Aka Yi wa Walda

Zuwa ga bawana na Kalgo,

Gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina fata Gwaggo tana lafiya, da uwargida, da yara, da akuyar nan da ta fi ka iya fenti.

Tun ranar sunan ɗanka nake danne bakina, don zumunci ya gaji rufin asiri. To amma asirin da aka kafa a bakin titi, faɗinsa har mota ke shiga, da wane zane za a rufe shi? Gara in faɗa da kaina kafin bare ya riga ni.

Ka tuna yadda na iso. Na taso daga Gwandu da hantsi, na bi ta Ambursa, na ratsa Birnin Kebbi, ban sauka Kalgo ba sai da rana ta take tsaka, ranar watan Afrilu wadda ko ƙadangare ba ya wasa da ita. Na same ka tsaye a ƙofar gida cikin babbar riga, hula a karkace, kana karɓar barka. Ko gajiyar hanya ba ka tambaye ni ba, sai ka ja hannuna ka ce: "Tobashi, dubi gambu. Maɗaci na!"

Na duba. Ga launi kamar goron da aka daɗe da ɓarewa, ga zane-zane na gangarowa daga sama, ga idanun itace nan da can. Har na fara jin haushi a raina, ina cewa yaushe bawana ya yi arzikin da ban sani ba. Sai na ɗora tafin hannu don in shafa. Taubashi, har yau ba na iya tafi da hannun nan sosai. Tunda nake ban taɓa ganin maɗacin da za a toya ƙwai a bayansa ba sai naka. Na daure na ƙwanƙwasa, sai ya amsa da ƙwaram, har kajin maƙwabta suka watse.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma Allah ya kawo ƙaramin yaron nan naka mai yawo da mayen ƙarfen da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Ya ratso tsakanin manyan baƙi, ya manna shi a tsakiyar gambu, abu ya zauna daram. Ya ɗaga murya ya ce: "Baba, iccenka ya kama!" Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, kafaɗunsa na rawa. Kai kuwa sai ka shiga rabon goro zagaye na biyu, har da waɗanda ba su gama tauna na farko ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban san ɗan shekara biyar ke riƙe da ma'auninsa ba.

Da na shiga gaida Gwaggo, a nan na sha labarin yadda aka haifi wannan maɗaci. Ashe sau biyu aka yi naƙudarsa.

Karo na farko cikin hunturu ka yi. Ka sayo gwangwanin fenti ruwan ƙasa, ka shafa shi kai tsaye a kan tsatsa da tsohon maiƙon mai walda, ka ja tsintsiya a kai wai kana fitar da zane. Iska ta kwaso ƙurar fadama ta yi masa hoda. Bayan 'yan makonni gambu ya fara saɓa kamar maciji, yara na ɓanɓarowa suna wasa. An ce kwana biyu ba ka zauna majalisa ba.

Karo na biyu ka sauke girman kai, ka je Birnin Kebbi wurin wani mai fentin mota ka ɗauki karatu. A nan kam dole in ce ka yi abin kai, don sharaɗin aikin ke nan. Ka goge tsatsa da samfefa har ƙarfe ya fito fes, ka wanke maiƙo da tina, ka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, ka bari ya bushe. Ka cike ramukan walda da fila, ka sake gogewa. Sannan ka yi shimfiɗar fari da fenti mai haske, ruwan ƙwai-ƙwai, wanda shi ne zai riƙa leƙowa daga ƙasa kamar tsokar katako. Sai da ya kwana ya bushe ƙayau, ka kawo ruwan makuba, ka tsinka shi, ka shafa sama-sama, ka ja zane tun yana ɗanye. Daga ƙarshe aka bi da banish don ƙyalli da kariya. Duk sirrin yana tsakanin launi biyun nan: mai duhu a sama, mai haske a ƙasa, da abin da zai share wani wuri ya bar wani.

Abin sharewar ne ya ba ni dariya har na ƙware. Masu sana'ar suna da wata 'yar roba mai lanƙwasa, an yi mata tsage-tsage, ana jan ta ana ɗan kaɗa ta gaba da baya, sai ta fitar da zane mai kama da zuciyar katako. Kai ka ji kuɗinta ka ce Allah ya sawwaƙe. Ka dawo gida ka ɗauke silifar uwargida ƙafa ɗaya, ka sa reza ka yi mata haƙora, ka haɗa da matajin kanta. Baiwar Allah ta yi kwana uku tana zargin karen maƙwabta.

Sai kuma akuya. Kana cikin wanke hannu, fenti bai sha iska ba, ta zo ta jingina ta sosa haƙarƙarinta tun daga wannan gefe har wancan. Na tsaya na ƙare wa wurin kallo ranar suna, kuma tsakani da Allah duk gambun babu inda ya yi kama da itace kamar nan. Inda ka zana da hannunka, idanun sun jeru reras kamar 'yan fareti, kowane taki ɗaya ido ɗaya, alhali itace ba ya haihuwar reshe da ma'auni. Ka kuma ja zanen a tsaye har kan ƙarfen da ke gicciye, ka bi ta kan ɗinkin walda da kan ƙusa, ka manta a wurin kafinta zanen kowane falle yakan bi tsawonsa ne. Akuya ba ta yi ko ɗaya daga cikin kurakuran nan ba. In za a raba lada, a ba ta dusa.

Kada ka ce na rena sana'ar. Tsohuwa ce, tana da sarakunanta. A Ingila an yi wani mai fenti, Thomas Kershaw, wanda ya rayu daga 1819 zuwa 1898, ya shahara da mayar da katakon banza ya koma kamar na alfarma ko kamar dutsen marmara. Ya ci lambar yabo a babban baje kolin Landan na 1851, ya sake ci a Faris a 1855, har wasu suka ƙi yarda da hannu ya zana, sai da ya zauna a gabansu ya yi suna kallo. Ka ga bambancinku: shi an zarge shi da ƙarya don aikinsa ya yi kyau fiye da kima, kai kuwa mayen ƙarfe ya gama shari'arka kafin a zuba abinci. Su ma ƙofofin Turkiyya da na Chana da ake jerawa a shaguna, masu zanen katako, akasarinsu ƙarfe ne aka manna wa hoton itace a masana'anta. Wato ba kai ka fara ba, kai dai ka fara da silifa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne sunan garinku. Duk ƙasar nan, wa ya kamata ya san itace kamar mutumin da garinsa ke amsa sunan itace? Sai dai da na yi tunani na ga ba laifinka ba ne. Kalgo ai ba a tsaga shi a fitar da falle. Ɓawonsa ake saɓulewa a yi igiya, 'ya'yansa dabbobi su ci, shi ke nan. Wanda ya tashi a gindin kalgo, in ya ga ruwan makuba a jikin ƙarfe ya kira shi maɗaci, sai a yi masa uzuri. Tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2013, ɗalibai da malamai suka cika muku gari, ga babban asibiti, kuka shiga gina gidajen haya kuna kafa get, sai kuka ɗauka kun zama birni. Kome daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kada, balle ƙarfen da ya kwana ɗaya cikin fenti.

Mu a Gwandu ba mu saba da aron riga ba. Sunanmu ma daga gandu ya fito, gandun Kanta, kuma ba mu taɓa ɓoye cewa manoma ne mu ba. Shi Kanta da ya tashi gina Surame, dutse ya sa ya bar shi a dutsensa, ga kufan ganuwar nan tsaye bayan shekara kusan 500. A garinmu Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, Allah ya ƙara masa rahama, mutumin da ya yi rayuwarsa yana faɗa da a nuna wani abu a waje alhali ciki wani ne. Da Bature Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, littafin Tarikh al-Sudan ya samu a hannun malamanmu, ya kuma yaba albasarmu. Babu wanda ya shafa wa albasar nan fenti ya ce da shi tuffa ce.

Na san amsar da kake wasawa, don haka bari in riga ka. E, gara ta cinye ƙyauren zaurena. Katako ne na gaske, na saye shi da tsada, mai katako ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa mai ƙwari ne. Damina uku kacal, na zo turawa wata safiya sai yatsana ya shige ciki. Fenti ne kawai a tsaye, cikin duk ƙasa ce. To ka ji. Kai kana da ƙarfe mai rigar itace, ni ina da rigar itace babu kowa a ciki. Yi dariyarka ka more, ba kullum bawa ke samun irin wannan rana ba.

Amma in ka gama, zo mu zauna mu tuna gambun gidan Kaka, wanda ni da kai muka sha lilo a jikinsa muna shan dundu. Mutum biyu ke tura shi. Gara ta zagaya shi shekara da shekaru ta haƙura. Zanen jikinsa ba mataji ya yi ba, damina da rani ne suka rubuta shi layi bayan layi, kuma hannun mutanen gida ne banish ɗinsa. A zamanin nan mai gini yana da giginyar azara, masassaƙi yana da ƙirya ta turmi da taɓarya, maƙeri yana da gawayinta. Yau fita daga Kalgo ka nufi Bunza, ko daga Gwandu ka nufi Dalijan, ka ƙirga mini maɗaci nawa ka gani da za a iya fitar da ƙyaure a jikinsu. Dogon yaro ne ya rage yana rufa mana asiri. Mun sare itatuwan kusa mun yi girki da gawayi. Na nesa kuma, irin maɗobiyar dazukan Taraba, an yi ta lodinta zuwa Chana har ta kai ga taron yarjejeniyar CITES na 2016 ya sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu.

Ka duba ikon Allah. Da can itace ne ke ƙonewa a maƙera don ƙarfe ya yi laushi. Yau itacen ya tafi, ƙarfe ya gaji gidan, ya gaji har rigar marigayi. Ba don kana son ƙarya ka ɓata silifar mutane ba. Ƙarfe ka saya saboda gara da ɓarawo da tsadar katako, amma idonka bai daina neman gambun Kaka ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Abin da nake tsoro shi ne yaron nan mai mayen ƙarfe ya girma bai taɓa dafa maɗacin gaske ba, har wata rana a nuna masa shi ya ce wannan bai yi kama da na Baba ba.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Kafin ruwan farko ka ƙara banish, ka kula da gindin gambun inda ruwa ke fantsama, don ta nan tsatsa ke fara sallama. Kada ka sake yin fenti da tsakar rana ko cikin ƙura. Ka daina cewa "maɗaci na" in akwai yara kusa.

Batun kuɗin sharar da muke ja-in-ja a kai kowace Cika-ciki kuwa, bana na yanke shi. Na ba direban motar Kalgo dashen maɗaci guda biyu a leda ya kawo maka. Ka dasa su dama da hagun ƙofa, ka kewaye su da ƙaya saboda abokiyar aikinka, ka sa yaron nan ya riƙa ba su ruwa. Ni da kai ba za mu ga ƙyaurensu ba, amma kafin nan inuwarsu za ta hana gambunka ƙona baƙi.

Kai kuma naka biyan, na riga na ba mai walda awon zaurena. Ranar da ya gama zan aiko maka. Ka zo da samfefarka da makubarka, aikin bawa ba a biya. Ka taho da ɗaya ƙafar silifar, tunda ba ta da sauran amfani a gidan. In da wuri a mota, ka sako akuyar.

Naka, ubangidanka na Gwandu.