Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hunturu, A Madadin Masu Doguwar Tafiya A Keke

Ranka ya daɗe,

Barka da sauka, ya hanya daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi? Na rubuto ne a madadin masu ɗaure kaya a kariya su ratsa Najeriya a kan keke, domin a wanke ka daga laifin da ba naka ba, sannan a tuhume ka da wanda ka aikata.

Mutane sun ce sanyinka ne ke hana doguwar tafiya. Wannan ƙage ne. Ko a Jos, inda ka fi nuna isa a Disamba da Janairu, abin da kan faru shi ne ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10 da asuba, kuma kafin hantsi ka sassauta. A Alaska ana tseren keke na mil 1,000 zuwa garin Nome a kan ƙanƙara, cikin sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifili. Kai in ka je can, bargo za ka nema. Mai murza feda kuwa jikinsa murhu ne, kafin ya ci kilomita biyar ya fara tunanin cire rigar sanyi. Wanda ya kamata a ji tsoronsa shi ne watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, kwalta ta yi laushi, ruwan gora ya koma na shayi. Damina kuma ta cika hanya da taɓo. Cikin dukkan lokutan shekara kai kaɗai ne ke ba matafiyi busasshiyar hanya da safiya mai daɗi.

Laifinka na gaskiya son kai ne. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, daga arewa maso gabas kake busowa, ba ka taɓa sauya shawara. Wanda ya taso daga Maiduguri ya bi Damaturu da Potiskum zuwa Kano, ya karkata Zariya da Kaduna ya nufi Legas, kana bayansa kana tura shi kyauta. Wanda ya juyo gida fa? Lissafin a fili yake: in yana gudun kilomita 20 a awa, kai kuma ka tare shi da 15, iskar da yake tsagawa ta zama 35, kuma turjiyarta ta ninka kusan sau uku, domin ba ɗaya bayan ɗaya take ƙaruwa ba. Wato kana raka 'yan cin rani kudu da hannu bibbiyu, amma mai kewar gida sai ka dafe masa ƙirji. Wa ya ɗauke ka wannan aiki?

Na san za ka ce iska ba ta da ɗan uwa, kowa ya zaɓi inda zai fuskanta. Da sauƙin faɗa. Ba kowa ke da uwa a Legas ba, kuma keke ba ya tafiya da baya. Za ka kuma ce ƙura ba taka ba ce, saƙon Chadi ne aka ba ka. To ɗan aike ma ya san abin da ya ɗauko. Ita ce ke haɗuwa da giris ta cinye kaca, ta tsage leɓe da dunduniya har sai an nemi man kaɗanya, ta sa mai keke ya naɗe fuska da rawani yana tari. Hazon da ke hana jirgi sauka a Kano, yaya direban tirela zai hango ɗan keke a cikinsa? Wata mugunta kuma, ka busar da gumi kafin a gan shi, mutum ya yi ta tafiya bai san ƙishirwa ta kama shi ba sai kansa ya fara sarawa.

Saboda haka ba mu ce ka rage sanyi ba, masu shayi na bakin hanya ma ba za su yafe mana ba. Roƙonmu ka raba kwana: mako ɗaya ka buso daga arewa, mako ɗaya daga kudu. In hakan ya fi ƙarfinka, ka riƙa makara da safe, ka bari masu komawa gida su ci kilomita 40 tukuna.

Naka,
Mai magana da yawun masu feda