Yadda Ake Ajiye Lissafin Tsofaffin Gem Ba Tare da Hawan Jini Ba

Ba zan ɓata maka lokaci da cewa ka sayi littafi da biro ba. Duk wanda ya tsaya karanta wannan, na san yana da littafin, ya ja layuka da rula, ya rubuta suna, shekara, "na gama" da maki a saman shafi, sannan aikin ya cije. Ni ma tun bayan sallah a nan nake, don haka ga abin da ya sawwaƙa.

Na ɗaya. Ka fara yanke hukunci kan abin da za ka kira gem guda. Kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da ke iƙirarin yana ɗauke da gem 9999999, kowa ya san abin da ke cikinsa: Mario, harbin agwagi, tankoki, yaron da ke tsallake zoben wuta a bayan zaki, daga nan sai a koma kan Mario a sauya masa lamba. Ka rubuta shi sau ɗaya. In kuwa kana da gaskiyar da ta yi maka yawa, sayi kwalin littattafai, Allah ya ba da lada. Tankokin ma akwai magana. Na asali shi ne Battle City da Namco ya fitar a 1985, amma wanda yawancinmu muka buga Tank 1990 ne, wato wanda 'yan kwaikwayo suka yi wa kwaskwarima. Wanne za ka rubuta? Ni dai na bar gurbin fayau.

Na biyu. Layin shekara da fensir ake cike shi. Super Mario Bros. 2 na Japan a 1986 ya fito. Wanda aka sayar a Amurka a 1988 da wannan sunan kuma wani gem ne daban, Doki Doki Panic, aka cire mutanen cikinsa aka zuba su Mario. Contra da ya isa Turai ya koma Probotector, sojojin nan biyu suka zama mutum-mutumi. Winning Eleven da Pro Evolution Soccer uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma je ka faɗi haka a gidan gem ka ga yadda za a yi maka ca.

Na uku, layin "na gama". A nan ne zumunci ke lalacewa. Ka gama Contra, madalla. Da rai uku, ko da sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A, mai ba da rai 30? Kada ka rantse, akwai waɗanda suka gan ka. Ghosts 'n Goblins kuwa, bayan ka sha baƙar wahala ka kayar da bos na ƙarshe, sai a ce maka duk abin da ka yi ruɗi ne, koma farko ka sake. To, rabin alama za ka sa? Ga kuma masu bugawa a waya da manhajar kwaikwayo, suna adana wasa a kowane taku, in sun mutu su dawo da baya, sannan su zo majalisa suna cewa matakin babur na Battletoads "ba wani abu ba ne". Malam, ji tsoron Allah. Wannan matakin na uku ya ci ƙuruciyar mutane da yawa tun 1991, a kan tabarma, ba adanawa, ga fargabar a ɗauke wuta kana dab da ƙarshe. Kuma ana ɗaukewa. Allon ya tattare ya zama ɗigo ɗaya fari, fanka ta tsaya, ka zauna da hannun gem a cinya kana jin ƙannenka suna ƙunshe dariya a cikin duhu.

Tunda an zo nan, bari in amayar da abin da ke cina. A Metal Gear Solid na 1998, akwai inda ake ce maka ka duba bayan kwalin faifan don ka sami lambar da za ka kira Meryl. Wayo ne mai kyau ga wanda ya sayi faifai da kwali. Nawa a leda ya zo, an rubuta sunansa da maka, har da kuskuren harafi. Na duba bayan ledar. Na duba bayan faifan. Na leƙa bayan duk wani kwali da ke cikin gem ɗin kansa. Lambar 140.15 ce, ga ta nan kyauta, rubuta ta a bangon littafinka ko jikokinka sa amfana.

Na huɗu. Maki. Ka ba komai bakwai cikin goma ka huta, don can za ka ƙare ko ka ƙi ko ka so. In ka ce za ka yi adalci, sai ka tarar Sonic ɗin da ka sani ma ba shi ne na kowa ba. Wanda ya buga shi a Mega Drive ta Turai, irin wadda ake shigo da ita gwanjo, ya buga shi ne a tsarin PAL mai bugun 50 a daƙiƙa maimakon 60, wato gudunsa ya ragu da kusan kashi 17 cikin 100, har kiɗan ma yana jan ƙafa. Yau ka kunna na Amurka ka ji kamar an biyo bushiyar da bulala. Wanne za ka ba maki, wanda ka so kana yaro ko wanda ya fi ƙarfin yatsunka yanzu?

Na biyar game da memorin PlayStation ne mai gurbi 15, da ƙanen da ya goge maka Master League ɗin Winning Eleven don ya adana tseren mota. Ba ni da shawara. Ka yi haƙuri kawai, jini ya fi ruwa kauri, haka aka ce mini ni ma.

Na shida, ko na biyar ɗin ne har yanzu, oho. Bindigar Duck Hunt, wato harbin agwagin nan, ba ta aiki da talabijin ta bango, sai tsohuwar nan mai ƙusumbi. Za ka nemo ta wurin mai gyara, ku kinkimo ta ku biyu, uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wannan kuma gadon wa aka raba?" Kada ka yi bayani. Ka jona, ka harba, ka kuskure, karen nan ya ɗago daga cikin ciyawa yana yi maka dariyar da yake yi tun 1984. Ka buɗe masa shafi na musamman, ka ba shi sifili da jan biro, ka danna har takardar ta huje.

Sai batun hura kaset da baki. Masana sun ce ba ya gyara komai, cirewa da mayarwar ne ke sa ya kama, danshin numfashi ma tsatsa yake jawo wa haƙoran kaset ɗin. Na ji, na kuma yarda. Ka ci gaba da hurawa.