Mutanen Ɗakin Packet Tracer

Manya sun ce ba a sanin halin mutum sai an yi tafiya da shi. Ni kuwa na ce a zaunar da shi gaban Packet Tracer, manhajar nan ta Cisco da ɗalibai ke jona rawuta da suwici na gwaji a kan allo, a ba shi kwamfuta biyu a ce ya sa su yi magana. Kafin la'asar an gama karanta shi.

Na farko shi ne Mai Ƙofa a Kulle. Ya sa adireshi, ya ja kebul, alama tana nan ja wur, sai ya hau rantsuwa wai manhajar ce ta lalace. Alhali ƙofofin rawutar Cisco a rufe suke zuwa, sai an ce musu "no shutdown". In an nuna masa, sai ya ce ai yanzu yake shirin rubutawa.

Sai Sarkin Gaggawa. Fitilar suwici takan yi ruwan lemo na daƙiƙa 30, kafin STP ya tabbatar saƙo ba zai yi ta kewaye ba. Gogan naka a daƙiƙa ta 20 ya zare kebul ya mayar, lissafi ya koma farko. In ya yi ping daga rawuta ya ga ɗigo ɗaya da alamar motsin rai huɗu, sai ya dafe kai yana salati. Alhali saƙon farkon nan ARP ne ya cinye shi, wajen cigiyar mai adireshin.

Ɗan Aro kuwa ba ya wahalar da kansa. Aikin abokinsa yake kwafewa ɗungurungum, har da "hostname". Malam na leƙowa ya ga rawuta na amsa sunan wani. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Akwai Farfesan OSPF. Bakinsa ya san komai: rawutoci na gaisawa duk daƙiƙa 10, wanda aka yi daƙiƙa 40 ba a ji sallamarsa ba an ɗauka ya rasu, RIP kuma ba ya wuce tsalle 15. Yana cikin wannan lacca nasa maƙwabtan sun ƙi gaisawa, don ya ajiye ɗaya a unguwa ta 0, ɗaya a ta 1.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Ba-Ajiya. Awa uku yana gini, bai taɓa rubuta "copy running-config startup-config" ba. Ya kashe rawuta don ya ƙara mata kati, ta farka ko sunanta ba ta sani ba, tana tambayarsa ko za a fara daga farko.

A can lungu akwai Malama Shiru. Ba ta musu da na'ura. "Show ip interface brief" take fara bugawa, ta duba kebul, ta duba adireshi, ta duba ƙofar fita, ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ita ke fara gamawa, amma ita ke fita ƙarshe, domin duk biyar ɗin can suna tsaye a bayanta: "Don Allah 'yar'uwa, ɗan duba min, wallahi ɗazu yana aiki."