Taƙaitacciyar Risala a Kan Hukunce-hukuncen Rasit Bayan Saukar Tallafi

Malamai sun yawaita rubutu a kan yadda ake neman tallafi, amma sun yi sakaci da babin da ke biye masa, wato abin da ke hawa kan mutum bayan alat ya shigo. Mai ƙaramin sani yana zaton ranar da wayarsa ta yi ƙara ita ce ranar nasara. Masani kuwa ya san ranar ce aka buɗe masa fayil. Don toshe wannan giɓi aka tsara wannan risala, domin amfanin ɗalibai a birnin Katsina da kewaye.

Fasali na ɗaya: ta'arifi

Rasit takarda ce ƙarama wadda ke shaida cewa kuɗi sun bar hannu zuwa hannu. Rukunansa huɗu ne: kwanan wata, da adadi, da sunan mai saye, da tambarin mai sayarwa. Idan ɗaya ya faɗi, takarda ce kawai, ana iya ƙunshe gyaɗa da ita.

Daga nan aka ciro ƙa'idar da fannin ya ginu a kanta: abin da aka saya ba tare da rasit ba, ba a saye shi ba, ko da yana tsakiyar ofis mai binciken kuɗi na zaune a kansa. Kishiyar ƙa'idar, wato abin da yake da rasit an saye shi ko da ba a taɓa ganinsa ba, akwai saɓani a kanta, kuma mafi yawan masu inganta ta ba sa son a ambaci sunayensu.

Fasali na biyu: masu bayarwa, kuma su kashi uku ne

1. Na gida, misalinsa TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa a gurbin asusun da aka fara a 1993. Abincinta harajin ribar kamfanoni ne, wanda ya fara da kashi 2 cikin 100, ya kai kashi 3 a 2023. Mai shiga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, zai ga sunanta a jikin gine-gine. A aikin gini takan saki kuɗi kashi 50, sai 35, sai 15, kuma ba a ganin na baya sai takardun na gaba sun gamsar. Jami'ar Al-Qalam, kasancewarta mai zaman kanta, doka ba ta sa ta cikin masu rabo ba, saboda haka ɗalibanta na iya tsallake wannan sakin layi ba tare da laifi ba.

2. Mai fuska biyu, misalinsa shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, Katsina tana cikin jihohi 7 na farko. Rance ne a wuyan ƙasa, kyauta ne a hannun kwamitin makaranta. Albarkacinsa ne dattijon da unguwa ta yi shekaru tana karɓar maganarsa ba shaida ya gane cewa maganar tasa ba ta kai takardar mai sayar da kwanon rufi nauyi ba.

3. Mai iya ɓacewa, misalinsa hukumar USAID ta Amurka, wadda aka tsayar da ayyukanta a Janairun 2025, aka rufe ta kafin shekarar ta ƙare. Hukunci a nan bayyananne ne: gushewar mai bayarwa ba ta sauke wajabcin rasit. Mutum zai rubuta rahoton rufewa, ya aika, ko da wanda ya saba karantawa ya riga shi barin aiki.

Fasali na uku: darajojin rasit

Ingantacce shi ne wanda rukunansa suka cika kuma aka rubuta shi a ranar ciniki. Mai rauni shi ne wanda aka koma shago bayan wata biyu aka ce, "Alhaji, don Allah a taimaka mini da takardar simintin nan," Alhaji ya ɗaga kai sama yana lissafi, ya ce, "Nawa muka ce ma?" Ana karɓarsa idan wani rasit ya ƙarfafa shi.

Ƙagagge yana da alamomi uku da mai bincike ba ya kuskure su. Ta farko, mai siminti da mai shinkafa da mai hayar kujeru duk rubutunsu ɗaya, har da yadda suke lanƙwasa wutsiyar bakwai. Ta biyu, lambobin takardun suna bin juna, 041 da 042 da 043, alhali tsakaninsu wata uku, abin da ke nuna shagon bai yi ciniki da kowa ba a duniya sai mai tallafin. Ta uku, tsabta. Rasit na gaskiya ya kwana a aljihu, ya sha gumi, yana da ninki huɗu.

Mas'alar mai Napep

Wannan ita ce mas'alar da ta fi wahalar da ma'abota fannin. Ma'aikaci ya hau Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga a kan aikin tallafi, ya biya, ya ce, "Malam, rasit fa?" Mai Napep ya dube shi, ya ja abinsa. An samu ra'ayi uku. Na farko ya ce tafiyar ba ta auku ba, ma'aikacin yana nan Ƙofar Ƙaura a hukumance har yau. Na biyu ya ce a riƙa yawo da takardar shaidar biya da tawada, mai Napep ya dangwala yatsa, sai dai an yi wa wannan ra'ayi raddi da cewa dangwalawar tana cin lokacin fasinja biyu, kuma diyyar lokacin ita ma ba ta da rasit. Na uku, wanda shi ne abin dogaro a wurinmu, ya ce a ƙayyade kuɗin mota tun farko, ma'aikaci ya sa hannu ya karɓa, sai ya zama shi ne mai saye kuma shi ne mai shaida. Ana ƙiyasta mai ƙosai da mai fura a kan mai Napep, domin illar ɗaya ce.

Fasali na huɗu: daidaita lissafi

Bai kamata Bakatsine ya firgita da wannan babi ba. Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi talifi a 1732 a kan zana hatimi, wato jadawalin da ko ta ina aka tara lambobinsa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, jimla ɗaya ake samu, kamar 15 a mai gida tara. Rahoton kuɗi hatimi ne: jimlar rasit, da takardar banki, da kasafin da aka amince da shi, dole su haɗu a lamba ɗaya. Bambancin kawai shi ne lambobin Shehu ba sa motsi bayan an rubuta su.

Wanda ya tsara kasafinsa a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, an saki naira a Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Gidan "man mota" ya ƙare a wata na huɗu, gidan "takardu da biro" yana cike. Shin ya halatta a ɗebo daga wannan a zuba a wancan? Bai halatta ba sai da izini a rubuce. A aika wasiƙa, a jira, a aika tunatarwa cikin ladabi. Shirun mai bayarwa ba yarda ba ne, saɓanin abin da ɗalibai suka karanta a wani babin.

Ladubban tarbar baƙon sa ido kuwa sanannu ne: a goge allon aikin, a tabbatar tambarin mai bayarwa bai fi na kowa ƙanƙanta ba, a fito da takardar mahalarta, a yi hoto. Abincin da aka ba shi ba a sa shi a rahoton da shi zai duba.

Shubuha da warwararta

Idan mai inkari ya ce, "Ai manufar tallafi yarinya ta zauna a aji ta yi karatu, ba tara takardu ba," sai mu ce: mun sallama, amma yarinya mai wucewa ce. Ƙaramar sakandare shekara 3 ce, ƙa'idar tallafin gwamnatin Amurka kuma ta wajabta ajiye takardu shekara 3 bayan rahoton ƙarshe. Ranar da mai bincike zai iso, yarinya ta yi gaba, fenti ya koɗe, fayil ne kaɗai zai tarar a inda aka bar shi. Kuma ba a taɓa jin an huda yarinya an sa a fayil ba.

Mas'alar tasalsuli

Rasit ɗin da na'urar POS da gidajen mai ke fitarwa ba da tawada ake buga shi ba, zafi ne ke fito da rubutun, zafi kuma ke shafe shi. Wanda aka bari a gaban mota a watan Afrilun Katsina yakan koma fari fat ko baƙi ƙirin kafin rahoton wata uku. Saboda haka ya wajaba a yi masa fotokwafi a ranar. Fotokwafi kuwa kashe kuɗi ne, yana bukatar rasit. Idan mai shagon ya ba da na POS, shi ma sai an yi masa fotokwafi, wanda ke bukatar rasit, haka har abin da ba iyaka, kuma masu hankali sun haɗu a kan cewa tasalsuli korarre ne. Mafita ita ce a yanke silsilar a mataki na biyu: ma'aikaci ya biya na ƙarshe daga aljihunsa, ya rubuta shi a matsayin gudummawar al'ummar da ta amfana. Ita ma gudummawar al'umma akwai masu bayarwar da ke neman shaidarta a rubuce, kwafi biyu.